Ina Ruwana

Dare uku ina rubutu a kan teburin ɗinki.
An ɗauke wuta, Aboabo ta yi tsit, sai sauro,
fitilar waya na jingine da kwalbar man keke.
Na ƙagi yaro, na raɗa masa suna Ɗantani,
na sa ya tsinci tandun fatar damo
ƙarƙashin buhun goro a Kejetiya.
In ya buɗe bakin tandu, hadari ya durƙusa.
In ya ce wa ruwa koma,
ya juya kamar akuyar da aka kora daga turmi.

Gajiya ce ta sa ni.
Damina goma sha ɗaya ina ɗora katifa kan benci
duk sa'ad da rafi ya shigo mana ba sallama,
ɗauke da leda, da takalmin wani, da warin kwata.
Bashin da hannu ya kasa biya,
na ce alƙalami ya biya.

A shafi na tara yaron ya tsaya kan gada,
ya kori ambaliya, unguwa ta kwana a bushe,
mata suka yi guɗa, aka ɗauke shi a kafaɗa.
Ni ma na kwanta da murmushi.

Da safe Zuwaira ta karanta, tana kurɓar koko,
har ta ɗiga mini a gefen takarda.
Ta ce, Baba, ina ruwan ya tafi?
Na ce ya tafi.
Ta ce ina?
Na ce ina ruwana, ke dai sha ki tafi makaranta.

Ta tafi. Kalmar ta zauna.
Na ɗinke hannun riga a baibai, na farke,
na sake ɗinkewa a baibai.

Ran Lahadi na bi rafin da ƙafa.
Ashe bai ƙare a bayan gidanmu ba.
Ya ratsa ƙarƙashin titi, ya gangara Anloga,
inda kafintoci ke jera katako a bakin gaɓa,
wata tsohuwa na naɗe dokunu cikin ɓawon masara,
jikanta na barci a tabarma,
taku huɗu daga ruwan.
Na sayi biyu. Ban iya tambayar sunanta ba.

Nan ruwan Ɗantani ya sauka.
Nan na aiko shi, da hannuna, a shafi na tara,
ina murmushi.

Yaron bai roƙe ni tandu ba.
Ni na ajiye masa, ni na nuna masa gada,
ni na rufe labule kafin a ga gangare.
Wanda ya ba yaro wuƙa
ba ya cewa bai san jini ba.

Na dawo na ba tsohuwar suna, Mame Akosuwa,
na ba ta ciwon gwiwa da bashin sidi arba'in,
na bar tukunyarta ta bi ruwa.
Jikan kuwa, na daɗe riƙe da biro a kansa.
Na tashe shi. Ban sani ba ko tausayi ne
ko tsoron idon Zuwaira.

Na so yaron ya jefar da tandun, a huta.
Amma jifa ma gudu ne,
kuma wani zai tsinta.
Sai na tura shi Anloga da ƙafa, cikin taɓo,
tandu a aljihu, nauyinsa kamar dutsen niƙa,
ya tsaya gabanta.
Bakinsa a buɗe yake tun ran Talata.
Ban samo masa abin faɗa ba.

Yau gari ya haɗe ta wajen Asawase.
Zuwaira ta kama kan katifa, na kama ƙafa.
Ta ce, Baba, ka gama?
Na ce ɗaga, tukuna.